Yadda ƙaramar ƙungiyar mawaƙa za ta tsara daren waƙoƙi a kan jigo ɗaya

Ƙungiyar mawaƙa mai mutum 16 zuwa 24 tana da abin da babbar kwaya mai mutum ɗari ba ta da shi. Ana jin kowace murya, ana jin kalmomi sarai, har numfashin da ake ja kafin a shiga baiti ana jin sa. Nan ƙarfinta yake, nan ne kuma asirinta yake saurin tonuwa, domin mutum ɗaya ya kauce, duk ɗakin zai sani. Da irin waɗannan ƙungiyoyi na sa kai nake magana, inda malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ɗalibai da 'yan kasuwa suke haɗuwa da yamma sau ɗaya ko biyu a mako, musamman shugaban mawaƙa da 'yan kwamitin da ke taya shi zaɓen waƙoƙi. A garuruwa irin su Jos da Kaduna da Zariya, yawancin masu waƙar muryoyi huɗu a kwayar coci suka taso, da solfa, wato rubutun do-re-mi, suka koyi karatun waƙa, kuma sun saba da rera waƙa ɗaya ko biyu a cikin sujada. Cika sa'a guda a gaban mutanen da suka zo sauraro kawai, wannan aiki ne daban.

Abin da aka fi yi shi ne a kwaso duk waƙoƙin da aka iya, a jera su, a hau dandamali. Kowace waƙa tana iya zama mai daɗi a karan kanta, amma kafin a kai ta takwas za ku ga mutane sun fara duba waya, don ba su san inda aka dosa ba. Jigo ne yake ba mai sauraro hanyar da zai bi. Dabarar tsohuwa ce. Taron karatu tara da waƙoƙin Kirsimeti da ake yi a coci-coci da yawa a Nijeriya an fara shi ne a garin Truro na ƙasar Ingila a 1880, majami'ar King's College ta Kambirij ta ɗauke shi a 1918, kuma abin da ya riƙe shi har yau shi ne labari ɗaya ake bi daga farko har ƙarshe, waƙoƙi suna amsa karatun. Abin da za mu yi ke nan a nan, sai dai da jigon da ku za ku zaɓa.

Mataki na farko: ku ƙirga muryoyinku kafin ku yi maganar jigo

Kada ku fara da tunanin waƙoƙin da kuka ji a YouTube. Ku fara da takarda da biro, ku rubuta sunayen waɗanda suke zuwa koyon waƙa a kai a kai. Wanda ba ya leƙowa sai an kusa taro kada ya shiga lissafi. Sofrano (muryar sama ta mata) nawa, alto (ta ƙasa ta mata) nawa, tena (ta sama ta maza) nawa, bas (ta ƙasa ta maza) nawa? Idan lissafin ya fito shida, biyar, uku, huɗu, to kun san cewa duk waƙar da ta raba tena gida biyu ta fita daga hannunku, domin tena ɗaya ya kwana da mura, ɗayan ɓangaren ya zama mutum guda a fili.

Sai ku gwada kowa shi kaɗai da kibod, cikin raha, ba kamar jarrabawa ba. Ku rubuta inda muryarsa take hawa ba tare da tilas ba, da inda take sauka ana jin ta. Abin da ake nema shi ne inda mutum zai iya zama na minti uku yana waƙa cikin natsuwa. Sautin da yake iya taɓawa sau ɗaya da ƙyar ba shi da amfani a lissafin nan. Yawancin sofrano masu sa kai suna jin daɗi har zuwa sautin F ko G na saman layi biyar ɗin da ake rubuta sautin waƙa a kai, bas kuma har G ko F na ƙasa. Akwai waƙoƙin da aka rubuta wa wasu irin maƙogwaro na musamman: a cikin waƙoƙin tsaron dare na Rachmaninoff na 1915 akwai inda bas suke gangarawa har B-flat na can ƙasa, abin da ƙungiyoyi ƙalilan ne suke da masu iya shi.

Ku kuma faɗa wa kanku gaskiya a kan abubuwa uku. Nawa ne suke karanta rubutun layi biyar, nawa ne sai solfa, nawa ne da kunne kawai suke kamawa? Kuna da mai fiyano da zai iya bin takarda, ko mai bin waƙa da kunne ne? Idan kuka yi waƙa ba kiɗa, kuna ƙarewa a kan do ɗin, wato sautin tushe, da kuka fara da shi, ko kuna zamewa ƙasa? Amsoshin nan su ne iyakar gonar da za ku noma.

Mataki na biyu: zaɓen jigo

Jigo mai kyau yana da alamomi biyu. Ana iya faɗin sa da kalma ɗaya ko biyu har yaro ya gane, kuma yana da faɗin da zai ɗauki murna da baƙin ciki, sauri da sanyi, tsoho da sabo. Ruwa, dare, gida, tafiya, uwa, haske, duk suna da wannan faɗin. Jigo irin su "waƙoƙin yabo" ya yi faɗi har ya zama ba ya cewa komai. Jigo irin su "waƙoƙin makoki na ƙarni na 16" kuwa ya matse, zai ba ku waƙoƙi goma sha biyu masu tafiyar hawainiya, kowa ya fita jiki a mace.

Ana iya gina jigo ta hanyoyi da dama. Akwai na ma'ana, kamar waɗanda na ambata. Akwai na lokaci, a bi rana daga asuba zuwa tsakar dare, ko shekara daga rani zuwa kaka. Akwai na kalmomi ɗaya a hannun marubuta daban-daban: kalmomin "Ave verum corpus" William Byrd ya sa musu sauti a 1605, Mozart ya sake sa musu nasa a 1791, idan kuka rera su a jere mai sauraro zai ji da kunnensa yadda kusan shekaru ɗari biyu suka canza waƙa. Akwai kuma na ƙasa ko na mutum guda, misali dare na marubutan waƙar kwaya na Afirka ta Yamma.

Ni dai a wajena jigon da ya fi kama mutane shi ne wanda suke da shi a rayuwarsu tun kafin su shigo ɗakin. Shi ya sa a sauran wannan jagora zan yi aiki da jigon ruwa. Duk wanda ya zauna a Arewa ya san zafin watan Afrilu, ya san yadda ake ɗaga kai ana duba gabas, ya san ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Ba sai kun yi masa dogon bayani ba. Jigon kuma na kowa ne, Musulmi da Kirista, manomi da ma'aikacin ofis, abin da ke da muhimmanci ga ƙungiyar da take son maƙwabtanta duka su zo.

Gwaji ɗaya kafin ku tsayar da magana: ku zauna minti ashirin ku rubuta waƙoƙin da suka dace. Idan ba ku kai ashirin da biyar ba, jigon ya yi ƙunci, ku buɗe shi. Kuna bukatar ninki biyu na abin da za ku rera, saboda rabi zai faɗi a mataki na gaba.

Mataki na uku: tara waƙoƙi da tankaɗe su

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne jigo yake iya yaudarar shugaba. Za ku ci karo da waƙa mai kalmar ruwa a take, ku ji kamar dole ta shiga. Ba dole. Kowace waƙa sai ta amsa tambayoyi uku: tana da kyau ko da babu jigo, muryoyinmu za su iya ta, kuma tana kawo wani launi da sauran ba su kawo ba? Wadda ta faɗi ɗaya daga ciki, a ajiye ta.

Bari mu bi wasu da ido. Palestrina, ɗan Italiya da ya rasu a 1594, yana da waƙoƙi biyu masu muryoyi huɗu da suka dace da jigonmu. "Sicut cervus" ta ɗauko kalmomin Zabura 42, barewa mai marmarin ruwan rafi. Ba ta wuce minti uku ba a kashinta na farko, ba ta da hawa mai wuya, amma kowace murya da nata lokacin shiga, kuma tena ne suke buɗe ta su kaɗai. Idan tenanku uku ne, ku ƙara musu bas ɗaya mai sassauƙar murya a layin farko. Ta biyun, "Super flumina Babylonis", Zabura 137 ce, mutanen da aka kwashe bauta suna zaune a bakin kogunan Babila suna kuka. Ruwa ne a nan ma, amma ruwan baƙin ciki, kun ga an sami launi na biyu.

Edward Elgar yana da wata gajeriyar waƙa, "As torrents in summer", da ta fito a cikin wani babban aikinsa na 1896 amma ana rera ta ita kaɗai ba kiɗa. Maganarta ita ce ƙoramar da ta kusa ƙafewa, sai kwatsam ta cika alhali sama tarwai take, saboda an yi ruwa can nesa a mafarinta. Haka zuciyar da ta karaya take cika ba ta san daga ina ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin busasshen rafi ya ga ruwa ya taho ba tare da an yi ko yayyafi a garinsu ba zai gane waƙar nan fiye da mutanen da aka rubuta ta dominsu. Muryoyin suna tafiya tare, kalma da kalma, saboda haka tana da sauƙin koyo. Wahalarta a numfashi ne da iya rage murya.

Daga Amurka akwai waƙoƙin bayi baƙar fata, waɗanda mawaƙan jami'ar Fisk suka fara yawo da su a 1871. "Deep River" tana maganar ƙetare kogi zuwa wurin hutu, kuma tsarin da Harry Burleigh ya yi mata lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya ƙara yaɗa ta. "Wade in the Water" tana da bayarwa da amshi da kunnenmu ya saba da su, tana kuma motsa jiki. A kan waɗannan sai ku lura da wane tsari kuka ɗauko, don waƙa ɗaya tana iya samun tsari ashirin. Na Moses Hogan suna da armashi ƙwarai, sai dai yawancinsu suna rarraba muryoyi fiye da yadda mutum 18 za su ɗauka.

Ga kuma waɗanda suka dace da jigo amma ya kamata ku bari. A cikin "Elijah" na Mendelssohn, wanda aka fara yi a Birmingham a 1846, akwai babbar waƙar godiya da ta rufe kashi na farko, lokacin da ruwa ya sauko bayan fari. Ma'anarta tamu ce sak, amma don taron mawaƙa masu yawa da makaɗa aka rubuta ta. Mutum 18 da kibod za su yi ta ihu ne su ƙone maƙogwaro. "Water Night" ta Eric Whitacre ita ma akwai inda take rabuwa gida fiye da goma. "The Blue Bird" ta Stanford, ta 1910, wadda ke siffanta tsuntsu yana ƙetare tafki, tana tsaka-tsaki: idan kuna da sofrano ɗaya ko biyu da za su iya riƙe dogon sauti a sama a hankali ba rawa, ku ɗauke ta, in babu ku bar ta sai wata shekara. Iya ruwa fidda kai.

Game da yawan sababbi da tsofaffi, shawarata ita ce kashi ɗaya cikin uku ya zama waƙoƙin da ƙungiya ta riga ta iya, kashi ɗaya sababbi masu sauƙi, sauran kuma masu ɗan nauyi. A cikinsu duka, waƙa ɗaya tak ta zama wadda za ta sa ku gumi sosai. Ƙungiya tana girma da irin wannan waƙar, amma uku irinta a dare ɗaya za su cinye duk lokacin koyo.

Mataki na huɗu: waƙoƙin gida

Daren waƙoƙi a Jos ko Kaduna da babu harshen gida a cikinsa bai cika ba. Nijeriya tana da tarihin rubuta waƙar kwaya mai tsawo. T.K.E. Phillips na babbar majami'ar Legas, Fela Sowande, Ikoli Harcourt Whyte wanda ya gina ƙungiyar mawaƙa a sansanin masu cutar kuturta na Uzuakoli, Laz Ekwueme, da Ayo Bankole wanda a Jos aka haife shi a 1935, duk sun rubuta waƙoƙin kwaya. A Gana akwai Ephraim Amu. Yawancin waƙoƙinsu da Yarabanci ne ko Ibo ko harsunan Gana, kuma idan za ku rera su ku nemo mai harshen ya zauna da ku, ya gyara muku furuci da hawa da saukar murya.

Da Hausa da sauran harsunan Arewa kuwa, galibi ku ne za ku yi tsarin da kanku, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so. Ku je wajen tsofaffi, iyayenmu mata musamman. Akwai waƙoƙin da yara suke yi na roƙon ruwa, akwai na gayya da noma, na daka, na gaɗa, na ɗiban ruwa a rafi. Ku nemi izini ku naɗi murya da waya, ku tambayi ma'anar kowace kalma da lokacin da ake yin waƙar, domin wata tana da habaici ko wata alaƙa da al'adar da bai kamata a hau dandamali da ita ba. Ku rubuta garin da aka samo ta, da sunan wadda ta koya muku in ta yarda, a takardar taro. Idan a ƙungiyarku akwai Birom ko Angas ko Bajju ko Atyap, kowa ya zo da ta gidansu.

Wajen tsarawa, abu biyu ne ke ɓata aiki. Na farko shi ne take karin harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da dogon wasali da gajere. Idan kuka ɗora gajeren wasali a kan dogon sauti, ko kuka sa alto suna sauka a inda maganar take hawa, kalmar za ta gurɓace. Ku fara da furta baitin da baki a hankali, ku zana yadda yake hawa da sauka, sannan sauti ya bi shi. Na biyu shi ne tilasta wa waƙar gargajiya zubin waƙoƙin littafin coci, muryoyi huɗu suna canza sauti a kowace gaɓa. Waƙar gaɗa ba haka aka gina ta ba. Ku bar mai bayarwa ta yi bayarwarta, 'yan amshi su amsa da murya ɗaya a zagayen farko, a na biyu alto su bi su a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, maza kuma su riƙe ɗan guntun amshi suna maimaitawa. Ƙaramin ado ya ishe ta.

Jigon ruwa ya zo mana da kyauta a nan: kiɗan ruwa, ƙwarya a kife a kan ruwa cikin masaki ana bugawa, kamar yadda mata suke yi a kiɗan ƙwarya. Ku sa shi a dandamali mutane su gani. Da tulu da shantu da tafi, kun sami kiɗan da ba zai danne muryoyi 18 ba, saɓanin ganguna da lasifika.

Hattara ɗaya. Idan ƙungiyar ta al'umma ce, kada ku ɗauko kalmomin ibada na wani addini ku sa musu muryoyi huɗu ba tare da kun tuntuɓi ma'abota addinin ba. Kuma ku rubuta wa mutane a fili abin da kowace waƙa take faɗa, kowa ya san abin da yake sauraro.

Mataki na biyar: takardu da haƙƙin mallaka

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Palestrina da Elgar da Stanford da Burleigh duk sun wuce wannan wa'adi, za ku sami takardunsu kyauta a shafukan intanet na CPDL da IMSLP, rumbunan takardun waƙa. Ku duba bugu biyu ko uku kafin ku zaɓa, don wasu suna da kurakurai. Hogan da Whitacre da Bankole da Sowande kuwa sai an saya ko an nemi izini. Idan kuɗi bai kai ba, ku zaɓi wata waƙar. Dokar ta kuma tanadi kariya ga waƙoƙin gargajiya idan kasuwanci za a yi da su, don haka ku bincika kafin ku sayar da faifai. Masu karanta solfa a mayar musu da takardar tun kafin ranar farko ta koyo, kuma mutum biyu su duba fassarar.

Mataki na shida: jera waƙoƙi

Minti 50 zuwa 60 na waƙa zalla ya ishi ƙaramar ƙungiya, a raba kashi biyu da hutun minti 15, kashi na biyu ya ɗan fi gajarta. Ku auna kowace waƙa da agogo a wajen koyo, ku ƙara lokacin tafi da shiga da fita. Sannan ku rubuta kowace a ɗan guntun kati: suna, harshe, minti nawa, sauri ko sanyi, do ɗin farko da na ƙarshe, da kiɗa ko babu. Ku baza katunan a tebur ku yi ta juya su.

Ku haɗa waƙoƙin rukuni-rukuni, biyu ko uku, ku roƙi mutane su riƙe tafi sai ƙarshen rukuni. Ga yadda zan jera namu, ina bin shekara. Rukunin farko shi ne rani, ƙishi: a buɗe da waƙar roƙon ruwa da murya ɗaya, mawaƙa suna shigowa daga bayan ɗaki, sai "Sicut cervus", sai "Super flumina Babylonis". Na fara da ta gida ne da gangan, saboda waƙar farko dole ta zama wadda za a iya rerawa ko gwiwa tana rawa, kuma tana ba tena damar ɗumama murya kafin su buɗe ta Palestrina. Rukuni na biyu bazara ne, hadari ya haɗu. A nan ku sa masu sauraro su yi ruwan da hannuwansu: murza tafin hannu, sai ƙyasta yatsu, sai bugun cinya, a hau a sauko. Daga cikin shirun da zai biyo baya ta Elgar ta fito. A rufe kashi na farko da kiɗan ruwa da waƙar mata mai zafi, mutane su fita hutu da fara'a.

Bayan hutu, damina ce, koguna sun cika: "The Blue Bird" in kuna da mai riƙe ta, "Deep River", sai "Wade in the Water". Rukunin ƙarshe kaka ce, waƙar gayya da waƙar godiya don amfanin gona, da amshi mai sauƙi da kowa a ɗakin zai kama.

Wasu ƙa'idoji da za su taimaka ko da wane jigo kuka ɗauka. Waƙar da ta fi wuya ta zo ta uku ko ta huɗu, lokacin da tsoro ya tafi gajiya ba ta zo ba. Kada waƙoƙi uku masu sanyi su biyo juna. Kada biyu masu wahalar da sofrano su haɗu. Ku lura da do: idan waƙa ta ƙare a kan G, ta gaba ta fara a kan A-flat ba tare da tsayawa ba, kunnen mawaƙa zai rikice, gara a sa magana ko karatu a tsakani. A kowane kashi ku ba ƙungiya hutu sau ɗaya, ko da waƙar mutum huɗu, ko da karanta rubutacciyar waƙar Hausa a kan damina, ko da sarewa. Ku tanadi gajeriyar waƙar ƙari guda ɗaya wadda kowa ya haddace.

Mataki na bakwai: jadawalin koyo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ƙirga daga ranar taro ku dawo baya. Ma'aunin da shugabannin mawaƙa da yawa suke aiki da shi shi ne kusan sa'a ɗaya ta koyo ga kowane minti ɗaya na sabuwar waƙa mai ɗan nauyi. Idan kuna haɗuwa sau biyu a mako, sa'a biyu-biyu, na mako 12, kuna da sa'a 48 a takarda. Ku cire na makara da gaisuwa da ɗumama murya da ranakun da ruwa ko biki zai hana mutane zuwa, abin da zai rage bai fi na sababbin waƙoƙi na minti 30 ba. In lissafin bai fita ba, ku rage waƙa tun yanzu.

Mai wuyar ita ake fara taɓawa a makon farko, a riƙa komawa kanta kaɗan-kaɗan. A naɗi kowace murya daban a tura ta WhatsApp, ko a buga ta a manhajar MuseScore, wadda kyauta ce, mutane su saurara a hanya. Kalmomin Latin da na sauran harsuna a furta su da baki tukuna, a faɗi ma'anarsu da Hausa, don wanda bai san abin da yake faɗa ba a fuskarsa ake gani. Mako huɗu kafin taro a tsayar da jeri, wadda ba ta nuna ba a cire ta ba tare da jin kunya ba. Mako biyu kafin taro a rera komai daga farko zuwa ƙarshe a tsaye, da shiga da fita, ba tsayawa gyara.

Mataki na takwas: ɗaki, rana da takardar taro

Ku je ɗakin tun da wuri, ku tsaya a tsakiya ku tafa sau ɗaya. Idan sautin ya ɗan jima kafin ya mutu, ɗakin zai taimaki waƙoƙin Palestrina. Idan labule da kafet sun haɗiye shi nan take, mawaƙa su matso kusa da juna su yi rabin da'ira. Ku ɗaga kai ku dubi rufi. Ruwan Agusta a kan kwano marar silin zai shafe duk waƙar da ba kiɗa, saboda haka taron jigon ruwa ya fi dacewa da gab da faɗuwar damina, lokacin da kowa yake jiran ta, ko kuma da kaka. In da hunturu ne, ƙura tana busar da maƙogwaro, a tanadi ruwan ɗumi a bayan dandamali. Janareta a kai shi nesa, fankokin da ke saman mawaƙa a kashe su. Ku sa lokacin da mutane za su koma gida da sauran haske, kuma hutun ya dace da lokacin salla idan kuna sa ran baƙi Musulmi.

Takardar taro ta ƙunshi sunan kowace waƙa, mai ita, shekara, da layi biyu na ma'ana. Shugaba ya yi magana sau uku ko huɗu kawai, a farkon rukuni, kowace kada ta wuce minti ɗaya. Ya faɗi abin da za a saurara, misali yadda muryoyi suke shigowa ɗaya bayan ɗaya a waƙar barewa.

A makon da ya biyo bayan taro ku zauna ku saurari abin da aka naɗa. Ku buɗe kundi ku rubuta wa kowace waƙa minti nawa ta ci, sa'a nawa aka yi ana koyon ta, ko do ya zame, da yadda mutane suka karɓe ta. A tattara takardun a ƙirga su a sa a ambulan. Uku ko huɗu da suka fi zama a bakin ƙungiya ku yi musu alama, su ne za su cike kason tsofaffin waƙoƙi idan kun zo tsara jigo na gaba.